Bitkoyin Uku Ko Bitcoins Uku? Yadda Ya Kamata Mu Rubuta Sunan Kuɗin Intanet da Hausa

A ofishin da nake aikin tace labarai a unguwar Garki da ke Abuja, wani matashin abokin aikina ya kawo mini fassarar wani labari a ranar 22 ga watan Mayu, ranar da masu hulɗa da kuɗin intanet da ake kira kirifto suke tunawa da ita duk shekara, saboda a rana irin ta ce, cikin shekarar 2010, wani mai tsara manhajar kwamfuta a jihar Florida ta Amurka, Laszlo Hanyecz, ya biya bitkoyin 10,000 aka kawo masa gurasar nan ta Turawa da ake kira fiza guda biyu. Fassarar ba ta da aibu ta fuskar ma'ana, amma sunan kuɗin ya fito da kama uku a cikin shafi ɗaya. A kanun labarin an rubuta "Bitcoins 10,000", a tsakiya an rubuta "bitcoin 10,000", can ƙasa kuma aka koma "Bitcoin ɗin da ya biya". Na ja layi a ƙarƙashin kowanne, na ce masa, "Ƙanena, wanne ne daidai a cikin ukun nan?" Ya duba takardar, ya yi murmushi, ya ce, "Yallaɓai, ai duk ɗaya ne, mai karatu zai gane."

Gaskiyarsa ce cewa mai karatu zai gane, kamar yadda zai gane idan aka rubuta "ƙasa" ba tare da lanƙwasa ba, ya lalubo daga yanayin jimlar ko ƙasar haihuwa ake nufi ko macijiya kasa. Sai dai aikin marubuci shi ne ya ɗauke wa mai karatu wannan laluben, kuma tun da sunan nan ya riga ya zauna a bakin matasanmu daga Nyanya har Kubwa, lokaci ya yi da za mu tsaya mu yanke masa shawara ɗaya. Ra'ayina shi ne, idan ana maganar tsarin baki ɗaya, wato manhajar da kundin lissafin da dubban kwamfutoci suke riƙe da shi a faɗin duniya, a rubuta Bitcoin da babban baƙi, a bar shi da rubutunsa na asali kamar yadda muke barin Facebook. Idan kuwa ana maganar kuɗin da ake ƙirgawa, a rubuta bitkoyin da ƙaramin baƙi, a bar shi tilo a gaban kowace lamba, kuma kada harafin "s" na jam'in Ingilishi ya kuskura ya biyo shi cikin jimlar Hausa.

Su kansu masu Ingilishin ba su gama daidaita bakinsu a kan wannan batu ba. Tun bayan da wanda ya kira kansa Satoshi Nakamoto ya fitar da takardar bayanin tsarin a ranar 31 ga Oktoba, 2008, aka kuma kunna shi a ranar 3 ga Janairu, 2009, al'adar da ta fi yaɗuwa a tsakanin masu harkar ita ce babban baƙi ga tsarin, ƙarami ga kuɗin. Amma jaridar Wall Street Journal da ƙamus ɗin Oxford sun zaɓi ƙaramin baƙi a ko'ina. A wajen jam'i ma haka abin yake, wasu suna ƙara "s", wasu suna barin kalmar yadda take. Ko kuɗin Tarayyar Turai bai tsira daga irin wannan ja-in-ja ba, domin a rubutun dokokin Tarayyar na Ingilishi ba a ƙara wa sunan yuro harafin jam'i, alhali mutanen Ingila a maganarsu ta yau da kullum suna ƙarawa. To, idan masu abu suna gardama a kan abinsu, ban ga dalilin da zai sa mu kwaso gardamar tasu mu shigo da ita gidanmu ba, musamman da yake Hausa ta daɗe da warware wannan matsala tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka ƙirƙiro kwamfuta.

Wanda yake son ya ji yadda Hausa take ƙirga kuɗi, ya je Wuse Zone 4 da hantsi ya tsaya kusa da 'yan canji na minti goma. Na je can kwanakin baya don in canza wa wata 'yar'uwata ɗan guzurin Umara, na zauna a kan benci kusa da wani dattijo ɗan canji da na saba da shi, waya biyu a hannunsa, ƙaramar na'urar lissafi a kan cinyarsa, ƙullin takardun kuɗi ɗaure da roba a aljihun gaban rigarsa. Duk wanda ya tsaya, tambayar ɗaya ce: "Dala nawa za ka sayar?" Amsar kuma ita ce dala ɗari biyar, ko fam dubu, ko riyal dubu biyu, ko yuro ɗari uku. A tsawon zamana ban ji wanda ya ce daloli ɗari biyar ba. Da ciniki ya ɗan lafa sai na ce masa, "Baba Alhaji, idan yaro ya zo ya ce maka yana da daloli ɗari, me za ka ce masa?" Ya ɗago kai ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Ɗana, sai in san baƙo ne a kasuwar, in kuma ƙara duba takardun nasa da kyau."

Abin da dattijon nan ya sani ba tare da ya buɗe littafin nahawu ba shi ne, a Hausa sunan ma'auni yana zama tilo idan lamba ta biyo shi. Muna cewa shekara goma, kwana uku, mudu biyar, kamu shida, naira dubu. A sauran sunaye mai magana yana da zaɓi, yana iya cewa mota biyu ko motoci biyu, amma a kan kuɗi kunne ba ya karɓar jam'in. Wannan bai hana jam'in wanzuwa ba. Akwai nairori, akwai daloli, akwai kwabbai, akwai sulalla, akwai fama-famai, kuma kowannensu yana da aikin da yake yi, wanda ya sha bamban da ƙidaya. Idan aka ce an kama mutum da daloli a cikin jaka, hoton da ke zuwa a zuciya shi ne na takardu bandir-bandir waɗanda ba a faɗi adadinsu ba. Idan magidanci ya ce ya samu 'yan kwabbai, yana ƙasƙantar da abin ne don kada a sa masa ido, ko da kuwa abin da ya samu ya kai ya sayi fili a Lugbe. Idan tsohuwa ta ce 'yan nairorinta sun ƙare, tausayi take nema. Jam'in sunan kuɗi a Hausa yana nuni ne ga tarin abin da ake iya taɓawa, ko kuma ga yadda mai magana yake ji game da shi, amma lissafi na tilo ne.

Akwai ma wani abin sha'awa a nan da ba kowa ne yake lura da shi ba. Kalmar kuɗi ita kanta jam'i ce a asalinta, tilonta shi ne wuri, wato ɗan ƙwanson nan na teku da kakanninmu suka yi ciniki da shi ɗaruruwan shekaru kafin zuwan Turawa. Da yake ba a sayen abin kirki da wuri ɗaya, sai jam'in ya rinjayi tilon, har ya zama sunan abin gaba ɗaya, daga baya kuma muka sake yi masa wani jam'in muka ce kuɗaɗe. Bitkoyin ya biyo hanyar ne ta baya. Shi guda ɗayansa ne ya yi tsadar da yawancin mutane ba za su taɓa mallakarsa cikakke ba, domin a watan Disamba na 2024 farashinsa ya haye dala 100,000 a karon farko. Abin da matashin da ke zaune a Mararaba yake saya da wayarsa ɗan gutsure ne, kamar 0.0005. Tsarin kansa ba ya ajiye lissafi da bitkoyin, yana ajiye shi ne da ƙaramin ma'aunin da ake kira satoshi, wanda miliyan 100 nasa ne suke yin bitkoyin ɗaya. Ladan da ake ba masu haƙo shi, wato masu kwamfutocin da suke tabbatar da cinikin da ake rubutawa a kundin, ya fara ne da 50 a 2009, ana raba shi biyu kusan duk shekara huɗu, har ya sauko zuwa 3.125 a watan Afrilu na 2024. Ina son wanda yake kare jam'i ya gaya mini yadda zai karanta 3.125 ko 0.0005 da jam'i ba tare da ya ba mai sauraro dariya ba.

Wannan ne ya sa nake ganin "s" ɗin nan ya wuce kuskuren nahawu kawai. Yana ƙarfafa wani hoto na ƙarya da kafafen yaɗa labarai suka riga suka dasa a zukatan mutane, hoton nan na sulalla masu ruwan zinare da harafin B a tsakiya, wanda ake liƙawa a kan kowane labarin kirifto. Babu wasu sulalla a ko'ina. Abin da ke akwai shi ne lamba a cikin kundi, da mabuɗin sirri da ke ba mai shi ikon tura wannan lamba ga wani. Mutumin da ya ɗauka cewa ƙwayoyi ne da ake tarawa ɗaya bayan ɗaya kamar goro a cikin huhu ya fi sauƙin faɗawa hannun macuta fiye da wanda ya fahimci cewa ma'auni ne kamar mudu. Idan kuwa dole ta sa marubuci yana bukatar jam'i, misali yana maganar ire-iren kuɗin kirifto daban-daban, Hausa ba ta rasa hanya ba, sai ya ce kuɗaɗen kirifto, ya huta. Ba na goyon bayan a zauna a ofis a ƙaƙaba wa kalmar wani jam'i irin na mota da motoci. Fim ya samu finafinai, bam ya samu bama-bamai, kuma babu kwamitin da ya zauna ya ba su, bakin jama'a ne ya sassaƙa su da ya ga bukata.

Batun babban baƙi ya fi wannan sauƙi, ko da yake a nan ma sai mun fara gyara tsohuwar ɗabi'armu. Jaridunmu na Hausa da yawa suna rubuta Naira da babban baƙi a tsakiyar jimla, suna kwaikwayon takardun gwamnati, alhali ba sa yi wa kwabo ko mudu ko kilo wannan karramawa. Ƙa'idojin rubutun boko, tun daga waɗanda Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya tsara a 1912, har zuwa gyare-gyaren da aka yi a tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980, sun gadar mana da al'adar da kowane ɗan firamare ya sani, cewa babban baƙi na farkon jimla ne da sunan yanka, kamar sunan mutum ko gari ko rana ko wata. Naira kuwa, tun da ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairu, 1973, suna ne gama-gari na ma'aunin kuɗi. Duk wanda yake da takardar 500 a aljihunsa ya ciro ta ya duba rubutun ajamin da ke jikinta, zai ga an rubuta naira ɗari biyar, tilo, kuma ba babba ba ƙarami, saboda ajami ba shi da wannan bambanci ko kaɗan. An cire ajamin daga ƙananan takardu a 2007, aka cire shi daga ta 100 a 2014, amma yana nan a kan 200 da 500 da 1,000, kuma ban taɓa jin wanda ya ruɗe a kasuwa saboda rashin babban baƙi a jikinsa ba.

Wannan darasin na ajami yana da muhimmanci ga rabuwar da nake ba da shawara a kai. Hausa harshen rediyo ne kafin ya zama harshen allon waya, kuma har gobe masu jin labari da kunne sun fi masu karanta shi yawa. Mai karanta labarai ba shi da yadda zai furta babban baƙi. Saboda haka bai kamata mu jingina ma'ana gaba ɗaya a kan girman harafi ba, kamar yadda masu Ingilishi suka yi. Idan ana nufin tsarin, a faɗi kalmar a fili, a ce tsarin Bitcoin ko manhajar Bitcoin, idan kuma ana nufin kuɗin, lambar da ta biyo baya ta isa shaida. Ta haka jimla irin "tsarin Bitcoin ba zai taɓa fitar da abin da ya wuce bitkoyin miliyan 21 ba" za ta fito daidai a ido, ta kuma fito daidai a kunne.

Wani zai ce, to satoshi fa, ai sunan mutum ne. Haka ne, amma da zarar sunan mutum ya koma ma'auni, ya tuɓe rawaninsa. Masana kimiyya sun daɗe da wannan ƙa'ida, shi ya sa ake rubuta ma'aunin ƙarfin lantarki na watt da ƙaramin baƙi duk da cewa daga sunan James Watt aka samo shi. Mu ma muna da namu misalin a gida. Tun da aka fitar da takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala Muhammed a 1977, mutane suke kiranta 'yar murtala, kuma yaron mota da yake cewa a cika masa 'yar murtala ba marigayin yake ambata ba. Satoshi Nakamoto da manyan baƙaƙe, satoshi 500 da ƙarami.

Saura dalilin da ya sa na zaɓi bitkoyin maimakon in bar rubutun Ingilishi da ƙaramin baƙi kawai, kuma a nan ne na fi shan suka daga abokan aikina. A rubutun boko harafin "c" yana da sauti ɗaya tak, wanda ke cikin ciki da cokali da caca. Mai karatun da ya koyi Hausa tsantsa, irin dattawan da suka yi yaƙi da jahilci da matan aure da suka koyi karatu a makarantun dare, idan ya ga "bitcoin" zai karanta shi ne da sautin cokali. Mun yi wa duk kuɗin da ya taɓa shigowa ƙasar nan irin wannan gyaran baki. Daga sunayen Ingilishi muka samo fam da sule da sisi da kwabo, dala kuma ta zauna a bakinmu tun zamanin azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinta, har ta kai a Nijar yau idan an ce dala ana nufin sefa biyar. Kwabo ya shiga jikinmu har ya hau kan sunan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939. Ban ga abin da ya sa sabon baƙon nan zai zama shi kaɗai ne ba za a yi masa wankan gida ba.

Masu suka suna cewa matasan da suke harkar sun saba ganin rubutun Ingilishi a manhajojin cinikinsu, kuma wanda yake neman labari a intanet da wannan rubutun zai nema, don haka sauya shi zai ɓoye labaranmu. Wannan hujja ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amma shawarar tawa ta bar sunan asali a wurinsa, tun da da wuya a rubuta labari a kan wannan batu ba tare da an ambaci tsarin Bitcoin ko sau ɗaya ba, kuma a jadawalin farashi ana iya amfani da gajeren sunansa na kasuwa, BTC, ko alamarsa ₿ wadda aka shigar cikin haruffan kwamfuta na duniya a 2017, kamar yadda muke sa ₦ a gaban lamba mu karanta ta naira. Intanet da kwamfuta ma an yi musu irin wannan ƙorafi a farko, ga shi yau ba mai ɗaga gira idan ya gan su.

Kuɗin intanet na gwamnatinmu ya zo da tasa rigimar. Ranar 25 ga Oktoba, 2021, Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da eNaira a fadar gwamnati da ke nan Abuja, aka rubuta sunan da ƙaramin baƙi a farko da babba a tsakiya, abin da ba shi da gurbi a ƙa'idar Hausa, kuma yake sa marubuci ya rasa yadda zai fara jimla da shi. Ina ganin a bar shi yadda Babban Bankin Najeriya ya rubuta shi, a matsayin sunan manhaja, a kauce wa buɗe jimla da shi. Amma kada a ƙirga da shi. Tun da darajarsa daidai take da ta naira, ɗaya bisa ɗaya, abin da mutum yake da shi naira 5,000 ce a cikin lalitarsa ta eNaira.

Da a ce maganar ta tsaya a hirar matasa ne, da ban ɓata tawada a kanta ba. Amma Babban Bankin da ya hana bankuna taɓa harkar kirifto a watan Fabrairu na 2021 ya sassauta a watan Disamba na 2023, sannan dokar zuba jari da hannayen jari ta 2025 ta shigar da kadarorin intanet ƙarƙashin kulawar hukuma. Ma'anar wannan ita ce sunan bitkoyin zai fara bayyana a takardun yarjejeniya, da ƙararraki a gaban alƙali, da rabon gado, da tambayoyin zakka da ake aika wa malamai, kuma da yawa daga cikin waɗannan da Hausa za a yi su ko a fassara su. Magatakardan kotun da zai rubuta cewa mamaci ya bar bitkoyin 0.4 yana bukatar ya san yadda zai rubuta shi ta hanyar da magada za su karanta su fahimta ba tare da sun nemi ɗan boko ya yi musu tafinta ba.

Abu ɗaya ne na bar wa kasuwa ta yanke, shi ne jinsi. Naira da dala mata ne, muna cewa nairar Najeriya da dalar Amurka, fam kuma namiji ne. Bisa tsarin kalmomin aro masu ƙarewa da baƙi, bitkoyin namiji ne, shi ya sa nake cewa bitkoyin ɗin ya tashi ko ya faɗi. Sai dai a lokacin da guguwar dangwale waya ta Notcoin da Hamster Kombat ta mamaye Arewa a 2024, abin da na riƙa ji a bakin matasa a tashar mota da wajen mai shayi shi ne "ta fashe" ko "ba ta fashe ba tukuna", da lamirin mace. Na tambayi abokin aikin nan nawa ko me ya sa, ya ce shi ma bai taɓa tunani a kai ba, haka kowa yake faɗa. Mun gyara kanun labarin nasa ya koma "Ranar da aka sayi fiza biyu da bitkoyin 10,000", muka bar bitkoyin a namiji a cikin labarin, shi kuma ya koma kujerarsa yana gunaguni cewa ko gobe aka tambaye shi, ita dai ta fashe zai ce.